Tunawa da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Uba Kuma Ma'aikacin Sa Kai

 A wannan fitowa ta mujallarmu ina so mu ɗan waiwayi tarihin marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah ya jiƙansa. Na san wani zai ce ai kowa ya san shi, Firayim Ministan Nijeriya na farko kuma na ƙarshe. To amma mu mutanen Ƙofar Wambai ta cikin birnin Bauchi, mun taso mun ji iyayenmu suna ce masa Malam Abubakar ne kawai, wato malamin Midil. Idan suka zauna hira a kansa, maganar gidansa da 'ya'yansa da ɗawainiyar da ya yi wa gari ta fi maganar Ikko yawa a bakinsu. Wannan ɓangaren nake so in ɗauko, don shi ne ya shafe mu.

Ga wanda bai san Bauchi ba, Ƙofar Wambai ɗaya ce daga cikin ƙofofin ganuwar da Malam Yakubu, Sarkin Bauchi na farko, ya kewaye garin da ita bayan ya kafa shi a wajen 1809. 'Yan'uwanta su ne irin su Ƙofar Ran da Ƙofar Wunti da Ƙofar Inkil da Ƙofar Tirwun. Malam Yakubu almajirin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, daga hannunsa ya karɓi tuta, kuma Bagere ne. Da hannun jama'a aka ɗaga ganuwar, wannan ya kwaɓa ƙasa, wancan ya ɗebo ruwa. Yau ta zube a wurare da yawa, gari ya tsallake ta ya yi gaba, amma sunayen ƙofofin sun zama sunayen unguwanni. A cikin wannan birni Malam Abubakar ya yi ƙuruciyar aikinsa, a cikinsa kuma yake kwance.

An haife shi a 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Lere, kudu da Bauchi. Mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala shi ma Bagere ne, ba ɗan sarauta ba, yana dai yi wa hakimi aiki. Yaron ya yi makarantar allo, aka kawo shi makarantar boko a Bauchi, daga nan ya wuce Kwalejin Katsina a 1928, ya fito a 1933 da takardar malanta. Bai nemi wani gari ba, gida ya dawo ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi, har ya kai ga zama hedimasta.

A shekarar nan ta 1933 ne hukumar talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Baturen nan Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa, gasar da ta haifi Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Malam Abubakar ya shiga da littafinsa Shaihu Umar. Ni da na tsaya a Islamiyya ban yi boko mai nisa ba, amma wannan littafi na karanta shi ya fi a ƙirga. Labarin yaro ne da aka sace aka raba da uwarsa a zamanin cinikin bayi, wani Balarabe ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa ya ba shi ilmi, uwar kuma ta bi sawunsa ta keta Sahara har Tarabulus. Ku duba fa, saurayi ɗan shekara ashirin da ɗoriya, da aka ce ya kawo labari, abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne uwa da ɗa, da riƙon yaro a baƙon wuri. Mu da muke haihuwar 'ya'yanmu nesa da gida mun san abin da yake faɗa.

Yanzu ga inda na fi so mai karatu ya natsu. A 1942 aka turo Malam Aminu Kano koyarwa a Midil ta Bauchi, a lokacin kuma Malam Sa'adu Zungur, ɗan garin, ya dawo gida daga Zariya. Waɗannan mutum uku da wasu ma'aikatan En'e suka haɗu a 1943 suka kafa wata majalisar tattaunawa, wadda a Turance aka sa wa suna Bauchi Discussion Circle. Ba albashi a ciki, ba alawus, ba kuɗin zama. Mutum ya tashi daga aiki a gajiye, ya yi salla, ya zo a zauna a kan matsalar gari: karatun yara, haraji, aikin tilas, shari'a, da yadda Turawa ke mulki ta hannun sarakuna. A zamanin Sarki Yakubu na uku ne, lokacin da talaka ba ya ɗaga ido ya kalli hakimi balle ya yi masa tambaya. Malam Aminu da Malam Sa'adu masu zafi ne, Malam Abubakar kuwa mai sanyin magana ne, ba ya son a ɗaga murya, ya fi yarda da a bi abu a hankali. Sun sha saɓani. Ranar da aka tayar da tambayar abin da ake dubawa wajen yanke wa sarki albashi, hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, majalisar ba ta ƙara nisa ba. Samarin ba su watse ba, suka kafa wata ƙungiya ta neman ci gaban Bauchi wadda ba ta ƙarƙashin kowa.

Wannan zama na 'yan mutane kaɗan, masana tarihi suna lissafa shi cikin tushen siyasar Arewa. Daga irinsa ne aka samu ƙungiyar malaman makaranta ta Arewa a 1948, wadda shi da Malam Aminu suna cikin jagororinta, sa'an nan Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda da farko ƙungiyar taimakon juna ce mai yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci, kafin ta rikiɗa ta zama jam'iyyar siyasa a 1951.

A nan zan ɗan ratse. Ƙungiyarmu ta wannan zango, in ka duba, 'yar'uwar waccan ce. Amma a kira taron gyaran maƙabarta ko yashe kwata kafin damina, ko a ce ana neman wanda zai riƙa leƙa makarantar Islamiyya ya ga ko malamai sun samu haƙƙinsu, sai ka ga fuskokin nan dai na kullum, dattawa biyar ko shida, wasunsu ma da sanda. Samari kuwa su ce kasuwa ta riƙe su. Ni ma ɗan kasuwa ne, na san ciwon rufe shago. Sai dai hedimasta mai iyali da ɗalibai a wuyansa bai fi mu sarari ba. Kuma mu baƙi ne a nan, in ba mu riƙe unguwarmu da kanmu ba, ranar da aka samu rikici da masu gari ba mu da bakin da za a saurara.

Sauran tarihinsa sananne ne, ba sai na ja ba. Ya je Landan ƙaro ilmin koyarwa a 1945, ya dawo a 1946 aka zaɓe shi majalisar Arewa. A 1950 ya miƙe a Kaduna ya nemi a binciki tsarin En'e a gyara shi, ya yi magana a fili a kan cin hanci da yadda ba a shawartar talaka. Mutumin da ake ce wa mai sanyi ke nan, kuma maganar da aka fara a zaure a Bauchi ce ya kai gaban manya. Ya zama ministan ayyuka a 1952, daga baya na sufuri, sai Firayim Minista a 1957, kuma shi ya karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. A zamaninsa ne aka ja layin dogo daga Kuru ya iso Bauchi a 1961, ya kai Maiduguri a 1964. Mahaifina, mai fataucin fata da kirgi, a wannan jirgi ya fara saukowa Kurmi, kuma sanadin zamana a nan ke nan.

Ta fuskar gida, ya rasu ya bar mata huɗu da 'ya'ya 19. Idan ya samu hutu, maimakon Ingila ko Faransa, Bauchi yake tahowa ya tafi gonarsa. Akwai wani hoto da ya yaɗu ƙwarai, wataƙila kun taɓa gani, yana zaune a ƙasa a gona da yaransa biyu suna shan rake, ba ɗan sanda a gefe, ba kujerar alfarma. Mutumin da Sarauniyar Ingila ta ba lambar Sa a 1960, wanda ya yi jawabi a majalisar dokokin Amurka a 1961, ga shi da bawon rake a gabansa. Bayan rasuwarsa ba a ji ya bar kamfani ko jerin gidajen haya a Ikko ba. Dattawanmu suna faɗin wannan da alfahari, ni kuwa da na girma na yi iyali sai na riƙa tuna ɗaya gefen, wato marayu masu yawa, wasu ƙanana ƙwarai, da uban da bai tara musu ba. Amanar da ya riƙe, iyalinsa sun biya wani abu daga cikin kuɗinta.

Ba zan ce ba shi da laifi ba, don ɗan Adam ne. Zaɓen 1964 ya zo da rigima, a 1965 kuma Jihar Yamma ta kama da wuta bayan zaɓenta, ana ƙone gidaje da motoci da mutane. Tsofaffin zangunan ƙasar Yarbawa sun ga wannan da idonsu. A ganina haƙurin nan nasa da ya yi amfani a zauren Bauchi, a nan ya yi yawa, ya jinkirta inda ya kamata a yi sauri. Ran 15 ga Janairu 1966, kwana kaɗan bayan ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko, wasu sojoji suka ɗauke shi daga gidansa cikin dare. A daren ne aka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Badun. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta, aka kawo ta Bauchi aka binne. Cikin watan azumi ne, ana gab da ƙaramar Salla. Shekararsa 53, saboda haka da yawa daga cikin jikokinsa a hoto kawai suka san shi.

Gwamnatin soja ta fara gina hubbarensa a 1977, aka buɗe a 1979, yana ta wajen Ƙofar Ran. Za ka bi ta wani lungu mai duhu, kana hawa sannu a hankali har ka fito haske, kabarin kuma a fili yake ba rufi a kansa. A gefe akwai ɗakin da aka ajiye kayansa, agogo da rediyo da 'yar ƙaramar talabijin. Duk wanda zai je gida da Salla ta hanyar Bauchi, ya daure ya ratse da yaransa su yi masa addu'a, ba ya ɗaukar awa guda. Da can yaro yakan san fuskarsa a jikin takardar naira biyar. Yanzu kuwa ni da ke zaune a shago daga safe har magariba, sai in yi wata ban ga wanda ya miƙo mini ita ba. Allah ya gafarta masa, ya jiƙan iyayenmu baki ɗaya, amin.