Hoton MRI da Matan da Sankarar Mama ke Bin Danginsu: Nazari daga Zauro

A shekarar 2007 Ƙungiyar Yaƙi da Sankara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa yi wa wasu mata hoton MRI na nono duk shekara, ƙari a kan mamogiram, wato hoton X-ray na nono. Waɗanda ake nufi su ne masu ɗauke da gurɓatacciyar ƙwayar gado ta BRCA1 ko BRCA2, da waɗanda haɗarin kamuwarsu da sankarar mama ya kai kashi 20 cikin 100 a tsawon rayuwa. Hujjar tana da ƙarfi. Binciken MARIBS na Ingila a 2005 ya nuna MRI ta gano kashi 77 na cutar, mamogiram 40 kacal, biyun a haɗe 94. Nonon mace mai ƙuruciya cike yake da tsoka, ƙari kan ɓuya a cikinsa. Ita kuwa MRI, da taimakon allurar gadoliniyam, jinin da ƙarin ke jawo wa kansa take bi.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Binciken Ibadan na 2018, wanda Farfesa Olufunmilayo Olopade ke cikin jagororinsa, ya sami gurɓatar BRCA a wajen kashi 11 na masu cutar.

Sai dai an tsara shawarar ne a ƙasashen da ba a yawan haihuwa. Ba a yi wa mai ciki allurar gadoliniyam, shayarwa kuma tana dagula hoton. Matar Zauro ko Argungu a jihar Kebbi 'yar shekara 30 galibi tana tsakanin goyo da ciki, don haka lokacin awonta sai an nemo shi da gangan, bayan yaye.

Abin da ya fi damuna shi ne gano mace mai haɗarin tun farko. A gidajenmu ba a cika faɗin abin da ya yi ajalin mace ba; "ciwon nono" ake cewa, ko "daji", a wuce. Ana kuma ɗauka gadon cutar ta wajen uwa kaɗai yake zuwa, alhali uba ma yana ba da shi, shi ya sa tarihin gwaggo yake da nauyi daidai da na inna. Gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu ta yi aikin wayar da kai a Kebbi. A ganina mataki na gaba shi ne ungozoma a ɗakin awon ciki na asibitin Zauro ta riƙa tambayar wace ce ta kamu a dangi, tana shekara nawa, ta rubuta a kati, ta tura masu haɗari asibitin koyarwa na Birnin Kebbi.