Yadda jirgin sama ya kashe kasuwar jirgin ruwa, shi kuma ya rikiɗe ya koma birni 🧵

1/
Jama'a, kun san manyan jiragen ruwan shaƙatawan nan da ke yawo a TikTok, masu kama da an ɗora unguwa guda a kan teku? Muna gani mu ce "kai, kuɗi!" mu wuce. To siffar nan tasu tana da tarihi, kuma asalinta karyewar kasuwa ce. Ku gyara zama.

2/
A da, jirgin fasinja motar haya ce ta teku. Aikinsa ya ɗauke ka daga Ingila ya sauke ka a New York. Shi ya sa ake ƙera shi dogo, siriri, mai tsinin baki da ƙarfe mai kauri, don ya keta igiyar Atlantika da sauri. Titanic na 1912 irin wannan ne.

3/
Mu ma nan Afirka ta Yamma mun taɓa zamanin. Daga 1951 jirgin Aureol na kamfanin Elder Dempster ya riƙa jigila tsakanin Legas da Liverpool, tafiyar wajen mako biyu. Ɗalibai da ma'aikata da yawa ta cikinsa suka je Ingila. A 1974 ya daina.

4/
Me ya kashe su? Jirgin sama. A Oktoban 1958 Pan Am ya fara tashi da Boeing 707 daga New York zuwa Paris. Tafiyar kwana biyar ta koma ta awanni. Wa zai tsaya? Queen Mary ya ajiye aiki a 1967, United States a 1969, France a 1974.

5/
Ana cikin haka, a Miami, Knut Kloster ɗan Norway da Ted Arison suka fara wata dabara a 1966 da ƙaramin jirgi mai suna Sunward. Tunda ba mai biyan kuɗi don ya isa wani wuri, bari a sayar masa da zaman cikin jirgin. A zaga da shi tsibiran Karibiyan, a dawo da shi inda ya hau.

6/
Daga baya suka ɓata, Arison ya kafa Carnival a 1972. Jirginsa na farko, Mardi Gras, a fitarsa ta farko ya kafe a kan yashi a bakin Miami 😂 Yau Carnival ne kamfani mafi girma a harkar. Royal Caribbean kuma ya fito da nasa na farko, Song of Norway, a 1970.

7/
A ganina, 1979 ce ta sauya komai. Kloster ya sayi France ɗin nan da aka jingine, ya sa masa suna Norway. Ya cire biyu daga cikin farfelolinsa huɗu, tunda yanzu ba a gaggawa. Ya yi wa tashoshin tsibirai girma, sai da ƙananan jirage ake sauke mutane. Duk da haka ya kawo riba.

8/
Lissafin mai sauƙi ne. Ko mutum 2,000 ka ɗauka ko 6,000, kyaftin ɗaya ne, kuma man da za ka ƙona ba ya ninkuwa sau uku. Ga shi kuɗi ba a tikiti kaɗai yake ba: akwai shaguna, gidan caca, mashaya, wuraren cin abinci na musamman. Fasinja yana tsakiyar teku, ina zai je ya yi ciniki?

9/
Daga nan aka shiga tseren girma. Ana auna shi da tan, amma tan ɗin faɗin cikin jirgi ake nufi:
Titanic, 1912: kusan 46,000
Sovereign of the Seas, 1988: kusan 73,000
Carnival Destiny, 1996: na farko da ya haura 100,000
Oasis of the Seas, 2009: kusan 225,000

10/
Siffa ma ta bi kuɗi. Tsinin baki ya gajarce, jiki ya koma kamar akwati, don a samu ɗakuna da yawa masu baranda, waɗanda suka fi tsada. A Oasis sai aka tsaga ginin saman gida biyu, aka shuka lambu na gaske a tsakiya. Har ɗakunan ciki suka samu baranda.

11/
Sai Icon of the Seas, da ya fara aiki a Janairun 2024. A Turku ta Finland aka ƙera shi. Tsawonsa mita 365, hawa 20, tan kusan 250,000. In ya cika yana ɗaukar fasinja 7,600 da ma'aikata sama da 2,000. Ya ninka Titanic sau biyar fa. Ƙaninsa Star of the Seas ya biyo baya a 2025.

12/
Amma girma yana da nasa bashin. A Janairun 2012 Costa Concordia ya daki dutse kusa da tsibirin Giglio a Italiya, mutum 32 suka rasu. Aka ga wahalar kwashe mutum sama da 4,000 cikin dare daga jirgin da ya karkace.

13/
Sai korona. A Fabrairun 2020 aka killace Diamond Princess a Yokohama, sama da mutum 700 suka kamu. Harkar ta tsaya cak. Kamfanoni suka aika tsofaffin jirage Aliağa ta Turkiyya aka yanka su ƙarfe-ƙarfe, har da Sovereign ɗin can na 1988. Da kasuwa ta dawo, manya ne suka cike gurbin.

14/
Birane ma sun fara gajiya. A 2019 MSC Opera ya ƙwace ya daki bakin tasha a Venice. Daga Agustan 2021 Italiya ta hana jirgin da ya haura tan 25,000 bi ta tsakiyar birnin. Ku tuna Icon ya ninka wannan sau goma.

15/
Martanin kamfanoni? In gari ba ya son ka, ka gina naka. Royal Caribbean na da tsibirin CocoCay a Bahamas, inda fasinja zai sauka ya yi kashe-kashen kuɗinsa, kuɗin su sake komawa aljihun kamfani. Ɗan kasuwar gari kuwa sai dai ya hango jirgi daga nesa.

16/
Batu na gaba shi ne mai. Daga 2020 dokar hukumar jiragen ruwa ta duniya ta rage sinadarin sulfur a man jirgi daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari. AIDAnova na 2018 ne ya fara tafiya kacokan da iskar gas da aka mayar ruwa. Icon ma da ita yake aiki.

17/
Gas ɗin ta rage baƙin hayaƙi, gaskiya ne. Sai dai wani kaso na methane yana tserewa daga inji bai ƙone ba, kuma ya fi iskar carbon ɗumama duniya. Shi ya sa ake gwada wasu hanyoyin: batir irin na jirgin Roald Amundsen na 2019, man methanol, da jona jirgi da lantarkin gari in ya tsaya a tasha.

18/
Sababbin 'yan wasa kuma sun shigo. Shekara da shekaru Italiya, Jamus, Faransa da Finland ne ke ƙera manyan jiragen nan. A Janairun 2024 Chaina ta fito da nata, Adora Magic City. A ƙarshen shekarar Saudiyya ta ƙaddamar da AROYA daga Jidda, an tsara shi don iyalan yankin.

19/
Kada mu manta da na ƙasan bene. Da yawa daga masu girki, wanki da gyaran ɗaki 'yan Filifin ne, Indonesiya da Indiya, suna watanni ba su ga gida ba. Jiragen kuma galibi tutar Bahamas ko Panama suke ɗagawa, inda haraji da dokar ƙwadago suka fi sauƙi.

20/
Ni dai abin da na fahimta: sauri ne ya zana jirgin da, riba ta zana na yau. Na gobe kuwa dokar hayaƙi da haƙurin biranen bakin teku za su zana shi. Don haka nake hasashen kasuwa za ta rabu biyu: ƙattai masu zuwa tsibiran kamfani, da ƙanana masu tsada da za a bari su shiga gari.

21/
In ana son ganin irin na da, Queen Mary 2 na 2004 ne kaɗai ya rage yana jigilar Southampton zuwa New York.

Ku fa, in an ba ku tikiti kyauta, wanne za ku hau: shi ko Icon? Mu haɗu a ƙasa 👇