Sauya tsarin bidiyo: abin da ke faruwa idan waya ta ƙi buɗe fim

Meiganga, babban birnin sashen Mbere a yankin Adamawa na Kamaru, tana kan hanyar da ta taso daga Garoua-Boulai zuwa Ngaundere da Garwa. A nan, kamar a Kano, fim ɗin Hausa da wa'azi da bidiyon biki sun fi yawo ta katin waya da Xender da WhatsApp. Shi ya sa masu turi a kasuwa suke yawan jin ƙorafi iri ɗaya: an tura, amma ya ƙi buɗewa, ko murya na fita babu hoto. Maganin shi ne sauya tsarin fayil ɗin, abin da ake cewa "convertir" da Faransanci.

Kowane fayil ɗin bidiyo abu biyu ne. Akwai mazubi, wato haruffan ƙarshen suna kamar MP4, AVI, MKV, MOV ko 3GP. Akwai kuma kodek, hanyar da aka matse hoto da sauti a cikin mazubin. Yawancin matsala daga kodek take. H.264, wanda ya fito a 2003, kusan kowace waya da talabijin mai ramin USB na karanta shi. H.265 na 2013 ya fi shi rage nauyi, amma tsofaffin na'urori ba su san shi ba, kuma da shi iPhone ke ɗaukar bidiyo tun 2017. Don haka ɗan'uwa a Yaunde ko Faransa zai aiko da bidiyon suna, ƙaramar Itel ta kasa nuna shi. Canza sunan fayil daga MOV zuwa MP4 da hannu ba ya gyara komai, domin abin da ke ciki yana nan yadda yake.

Manhajojin da suka fi amfani kyauta ne, kuma abin sha'awa uku daga cikinsu a Faransa suka samo asali: VLC, wadda ɗaliban École Centrale Paris suka fara, da FFmpeg da Fabrice Bellard ya ƙirƙiro a 2000, sai HandBrake ta 2003. Ga wayar Android, MP4 mai H.264 da sautin AAC ya wadatar. Ƙananan wayoyi masu maɓalli sun fi son 3GP ko MP4 mai girman 320 da 240.

Lissafin nauyi ba wuya. Bidiyon awa ɗaya a kan megabit 1 cikin daƙiƙa yana cin kusan megabayit 450. A rage zuwa rabi, ya koma 225. Wannan ne bambancin fim biyu da fim huɗu a gigabayit ɗaya, kuma mai sayen data a MTN ko Orange ya san darajarsa.

Sai dai sauyi na da farashi. Duk lokacin da aka sake matse bidiyo, wani abu na hoton ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Wanda ya mayar da 3GP zuwa HD nauyi kawai ya ƙara wa fayil, fuskoki na nan a dushe. WhatsApp ma yana matse bidiyo da kansa, sai in an aika shi a matsayin takarda, inda yake karɓar har gigabayit 2 ba tare da taɓa shi ba.

Inda abin ya fi muhimmanci shi ne tsofaffin faya-fayan VCD da DVD na bukukuwa da tafsirin azumi da ke ajiye a gidaje. Faifai na karcewa, zafi na lalata shi, injinan kunna shi kuma suna ƙaranci. A fara kwafe fayilolin DAT na VCD ko VOB na DVD zuwa kwamfuta yadda suke, a adana su wuri biyu, sannan a fitar da kwafin MP4 domin rabawa dangi. Hoton VCD 352 da 288 ne kacal, saboda haka a bar shi a girmansa lokacin sauyawa.