Daga Hayyin Ashir zuwa Satiru: Sunayen wa ake rubutawa idan yaƙi ya ƙare?

Hayyin Ashir unguwa ce a yankin Madinatu Nasr da ke gabashin birnin Alƙahira, inda ɗimbin ɗaliban Jami'ar Azhar da suka fito daga Najeriya da Nijar da Chadi da sauran ƙasashen Afirka ke zaune. Ma'anar sunan ita ce unguwa ta goma, domin da lamba aka rarraba sassan yankin.

Duk ɗalibin da ya taso daga wannan unguwa ya nufi harabar jami'ar, da wuya bai taɓa hango wata doguwar dala ta siminti da ke bakin Titin Nasr ba. Kabarin sojan da ba a san sunansa ba ke nan. Tafiyar 'yan kilomitoci daga nan kuma, a unguwar Heliyofolis wadda Misirawa ke kira Misrul Jadida, akwai wata maƙabartar sojoji da aka jera wa duwatsu masu ɗauke da sunaye.

Wuraren biyu suna nuna hanyoyi daban-daban na tunawa da mutanen da yaƙi ya ci. Labarin ya shafi Hausawa kai tsaye, domin kakanninsu da yawa sun mutu a yaƙe-yaƙen duniya biyu, wasu an rubuta sunayensu, wasu kuwa ko a lissafi ba su fito ba.

Dalar Madinatu Nasr

Shugaba Anwar Sadat ne ya ba da umarnin gina dalar a 1974, domin tunawa da waɗanda suka kwanta dama a yaƙin da Masar da Siriya suka gwabza da Isra'ila, wanda ya ɓarke ranar 6 ga Oktoban 1973, daidai da 10 ga Ramadan. An buɗe ta a watan Oktoban 1975.

Wani malamin zane-zane mai suna Sami Rafi ne ya tsara ta. Tsawonta ya haura mita 30, kuma ba cikakkiyar dala ba ce irin ta Giza ko dalar gyaɗar Kano ta da. Bangaye huɗu ne suka tashi suka haɗe a sama, cikinsu fayau, iska na ratsawa. A tsakiya aka ajiye baƙin dutse wanda ke wakiltar kabarin.

A jikin bangayen an zana sunaye 71 da rubutun Kufi. Ba sunayen wasu sanannun mamata ba ne. Sunaye ne irin waɗanda ake raɗa wa 'ya'ya a gidajen Misirawa, domin duk wanda ya rasa ɗa ko miji ko ɗan'uwa ya ga kamar da nasa ake.

Ranar 6 ga Oktoban 1981 wasu sojoji suka harbe Sadat a dandalin faretin da ke fuskantar dalar, aka kuma binne shi a gindinta. Tun daga lokacin shugabannin Masar da manyan baƙi ke zuwa wurin su ajiye furanni. Ƙasar na kuma da Ranar Shahidai, 9 ga Maris, ranar da aka kashe babban hafsan sojinta Abdul Mun'im Riyad a bakin daga kusa da Isma'iliyya a 1969.

Garuruwan da suka riƙe nasu

Dalar ta ƙasa baki ɗaya ce. Amma a garuruwan da ke bakin Mashigin Suwez, inda wutar yaƙin ta fi ci, kowane gari ya riƙe tasa ranar da nasa mutanen, maza da mata, soja da farar hula.

A Bur Sa'id, sojojin Birtaniya da Faransa sun kai farmaki a farkon Nuwamban 1956, bayan Shugaba Jamal Abdul Nasir ya mayar da mashigin mallakar ƙasa. Ɗaruruwan mazauna garin sun hallaka, unguwanni sun ƙone. Garin na bikin 23 ga Disamba, washegarin ficewar sojojin mamaya, kuma akwai hasumiyar shahidai a tsakiyarsa.

Garin Suwez kuwa 24 ga Oktoba yake tunawa. A ranar, cikin 1973, tankokin Isra'ila suka kutsa garin, sojojin da suka rage da 'yan gari suka tare su a unguwar Arba'in har suka ja da baya. Daga nan aka yi wa garin ƙawanya ta kusan kwana 100. Shaikh Hafiz Salama, wanda ya zaburar da jama'a daga Masallacin Shuhada, ya rayu har zuwa 2021.

Akwai kuma ƙauyen Baharul Baƙar a lardin Sharƙiyya, inda jiragen yaƙin Isra'ila suka jefa bam a makarantar firamare ranar 8 ga Afrilun 1970. Masar ta ce yara 46 suka mutu, Isra'ila ta ce ta ɗauka wurin soja ne. Wata biyu kafin haka, harin da aka kai masana'antar ƙarfe ta Abu Za'abal kusa da Alƙahira ya kashe ma'aikata aƙalla 70.

A waɗannan garuruwa mamacin ba baƙo ba ne. An san gidansu, an san sana'arsa, sau da yawa kuma sunansa na kan wani titi ko wata makaranta.

Maƙabartar Heliyofolis

An buɗe maƙabartar Heliyofolis a Oktoban 1941, lokacin da Alƙahira ke zama hedikwatar sojojin Birtaniya a Gabas ta Tsakiya. Fiye da mutum 1,700 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Biyu ke kwance ko ake tunawa da su a cikinta. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila, wadda ake taƙaita sunanta da CWGC, ita ke kula da wurin.

An kafa hukumar ne a 1917 bisa ƙa'idar cewa za a tuna da kowane mamaci da sunansa, ba tare da duba muƙami ko launin fata ko addini ba. A yau tana riƙe da sunaye kimanin miliyan 1.7, cikinsu har da mata ma'aikatan jinya da aka binne a maƙabartunta na Masar.

A ƙofar maƙabartar akwai allunan da ke ɗauke da sunayen sojojin Indiya kusan 4,000 da suka mutu a Masar da Falasɗinu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda ba a san kaburburansu ba. Asalin ginin tunawa da su yana Bur Taufiƙ ne, a ƙarshen mashigin ta kudu, sai yaƙe-yaƙen 1967 zuwa 1973 suka lalata shi. A 1980 aka buɗe sabon a Heliyofolis.

Waɗanda aka bari babu suna

Ƙa'idar daidaito ba ta kai ga kowa ba. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, Birtaniya ta kwashi ɗaruruwan dubban manoman Masar, da yawa bisa tilas, domin shimfiɗa layin dogo da bututun ruwa a hamadar Sina'i, da sauke kaya, da jan raƙuma. Dubbai sun mutu saboda cuta da sanyi da wahala. Ɓacin ran da hakan ya haifar na cikin abin da ya hura wutar boren 1919.

Maimakon a rubuta sunayensu, sai aka gina cibiyar binciken cututtukan ido a Giza a matsayin abin tunawa da su gaba ɗaya.

A watan Afrilun 2021 wani kwamiti da hukumar ta kafa ya fitar da rahoto. Ya gano cewa mutum 45,000 zuwa 54,000, akasarinsu 'yan Indiya da Afirka, ba a karrama su kamar Turawa ba. Wasu aƙalla 116,000, wataƙila ma har 350,000, mafi yawansu 'yan Afirka ta Gabas da Masar, ba a tuna da su da suna ba, ko kuma ba a tuna da su ba sam. Kwamitin ya ɗora laifin a kan wariyar launin fata ta zamanin mulkin mallaka, kuma sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa.

Cikin hujjojin da rahoton ya kawo har da ra'ayin gwamnan mulkin mallaka na ƙasar da ake kira Gana a yau, Gordon Guggisberg, wanda a 1923 ya ce talakan ƙasar ba zai san darajar dutsen kabari ba.

An fara gyara. A Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa a birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, inda aka kafa ginshiƙan itacen loko fiye da 1,700, kowanne da sunan lebura guda.

Ina Hausawa suke a wannan labari?

Hausa ce harshen bariki a rundunar Najeriya ta zamanin Turawa, kuma Arewa ta ba da kaso mai yawa na sojojinta. Sun yi yaƙi da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da dutsen Mora, sannan aka kai su Afirka ta Gabas. Tare da su akwai dubban 'yan dako da suka ɗauki abinci da harsashi a ka, waɗanda ba a kula da lissafin mutuwarsu kamar na masu bindiga ba.

A Yaƙin Duniya na Biyu sun fatattaki Italiyawa daga Mogadishu har cikin Habasha a 1941. Daga baya runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka shiga dazuzzukan Bama, suka fuskanci Japanawa. Wasu kuma an tura su Gabas ta Tsakiya aikin ƙarfi da gadi.

Akwai gine-ginen tunawa da sojojin yaƙin farko a Zariya da Lakwaja da Ibadan da Kalaba. A maƙabartar Taukkyan da ke kusa da Yangon a Myanmar, an zana sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kaburburansu ba, kuma 'yan Afirka ta Yamma na cikinsu.

A gida, abin da ya fi wanzuwa shi ne sunayen fagagen daga. Barikin Dalet a Kaduna, da Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, duk wurare ne a Bama. Barikin Chindit na Zariya ya samo sunansa daga rundunar da ta yi yaƙi a bayan layin Japanawa. Miliyoyin mutane na furta waɗannan sunaye kullum, amma kaɗan ne za su iya kawo sunan mutum guda daga garinsu da ya mutu a can. Najeriya ma ta mayar da ranar tunawa da sojojinta daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970.

Mafi muni shi ne labarin Satiru, wani gari kudu da Sakkwato. A Fabrairun 1906 mutanen garin suka yi wa mulkin Turawa bore, suka kashe Turawa uku da sojoji 25. Ranar 10 ga Maris aka far musu da manyan bindigogi, aka kashe kimanin mutum 2,000, aka kwashe mata da yara, aka rushe garin, Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na Biyu ya la'anci duk wanda ya sake zama a wurin. Sunayen Turawan uku na cikin littattafan tarihi. Daga ɓangaren Satiru kuwa, bayan jagorori irin su Malam Isa da Ɗan Makaho, sauran sun zama adadi kawai.

Yadda za a nemi suna

Gaskiya ne a al'adar Bahaushe ba a cika yi wa kabari rubutu ba. Itace ne da ƙasa, sai addu'a. Sai dai hakan ba ya nufin mantuwa. Bahaushe yana adana mamacinsa ta hanyar mayar da sunansa ga jariri, har a riƙa kiran yaron Abba ko Baba, yarinyar Ummi ko Inna, saboda kunyar sunan. Yana adana shi a kirari da waƙa da sadaka. Abin da iyalan sojojin da 'yan dakon suka rasa shi ne labari: yaushe ya rasu, a ina, wa ya yi masa sutura.

Wani ɓangare na wannan labari yana nan a rubuce. Rumbun sunayen hukumar CWGC a buɗe yake kyauta a intanet, ana iya bincike da suna ko runduna ko ƙasa. Ga 'yan Nijar da kakanninsu suka yi wa Faransa soja, ma'aikatar tsaron Faransa na da irin wannan rumbu mai suna Mémoire des hommes.

Abu biyu ne za su taimaki mai nema. Na farko, akawun soja kan rubuta sunan yanka ne ya bi shi da sunan gari, a ce wane Kano, wane Katsina, wane Zazzau ko Zariya. Saboda haka sanya sunan gari a gurbin sunan mahaifi kan fito da jerin mutanen da suka danganta kansu da garin. Na biyu, Turawa sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, don haka Garba kan koma Garuba, Audu ya koma Awudu, Mamman ya koma Momo ko Mama. Sai an gwada rubutu iri-iri.

Idan kuma akwai tsohuwar lambar yabo ko takardar sallama a cikin adakar gida, lambar sojan da ke jikinta ita ce mabuɗi mafi inganci. Tsofaffin da suka ji labarin daga bakin waɗanda suka dawo suna ƙarewa. Duk gidan da aka ce wani kaka ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, yanzu ne lokacin tambayar sunansa na yanka, da sunan mahaifinsa, da shekarar da aka ɗauke shi, a rubuta a ajiye.