Asalin "too", kalmar da ta ja mana bulala a aji

Kwanan baya gardama ta kaure a majalisarmu tsakanin malaman sakandare biyu, a kan wata ɗaliba da ta rubuta "the bride is too beautiful" aka zabga mata jan biro. Ɗaya ya ce ai kushe amarya ta yi, domin "too" na nufin abu ya wuce kima har ya zama aibu, kamar gishiri ya yi yawa a miya. Ɗayan ya ce kowa ya san yabo take nufi. Ni ma na sha bulala a kan kalmar nan a aji biyu, saboda haka kada mai karatu ya ɗauke ni alƙali.

A tsohon Turancin da aka yi a Ingila shekara dubu da suka wuce, "to" da "too" kalma ɗaya ce, rubutunsu ɗaya. In an furta ta a sassauce tana nufin "zuwa", in an danna ta sai ta zama "ƙari". Daga ƙari zuwa "ya yi yawa" kuwa taku ɗaya ne. Jamusanci bai raba su ba har gobe, "zu" ce ke ɗaukar kayan biyu. Wani Bature mai suna Caxton ya kafa injin ɗab'i a Westminster a 1476, amma sai a ƙarni na 16 aka fara ƙara wasali na biyu don a bambanta su a takarda. Irin rabuwar da "of" da "off" suka yi ke nan. Ita kuwa "two", biyu, sauti kawai ya haɗa su.

To daga ina muka samo "too" ta yabo? Bayanin da aka fi ji a kwalejojin horar da malamai shi ne harshen uwa ke shigar mana. Wai Bahaushe yakan ce "ta cika kyau" ko "ya cika surutu" da fi'ili ɗaya, yabo da kushe, sai ya kwashe wannan ɗabi'a ya zuba a Turanci. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ban gamsu ba.

Ku dubi Papua New Guinea, can gabas da Indonesiya. A Tok Pisin, harshen da ya tsiro daga Turancin 'yan jirgin ruwa da gonakin Turawa a ƙarni na 19, akwai "tumas", wato "too much", kuma ma'anarta "ƙwarai". Mutum zai ce "tenkyu tumas" yana godiya har zuciya. A Bislama ta Vanuatu ma haka. Wane Bahaushe ne ya je ya koya musu? Turancin buroka na gaɓar tekunmu shi ma a bakin fatauci ya tashi, kuma a cikinsa "you too much" babban kirari ne. Ni a ganina daga can ta hauro Arewa, ta bariki da tashar jirgin ƙasa da Sabon Gari, bayan layin dogo ya iso Kano a 1911.

Su kansu masu harshen Turancin ba su tsira ba. Makaɗan jazz na Amurka a shekarun 1930 suna cewa "too much" in kiɗa ya ratsa su. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuma sun san yadda samarin Faransa suke yi da "trop", wadda littafi ya ce "fiye da kima" ce, su kuwa sun mayar da ita "sosai".

Wannan duk ba zai hana mai makin WAEC jan layi ba. Ɗalibai, a zauren jarrabawa ku rubuta "very". Malamai kuma ku gyara musu, amma a daina ɗora wa Hausa laifin.