Daga Sulken Yaƙi Zuwa Fanel Ɗin Wayarka: Tarihin Zanen Asid

Ɗan uwa, ka taɓa buɗe waya ko rediyo ka ga siraran layukan jan ƙarfe a jikin fanel? Dabarar fitar da su ta haura shekara 500, kuma masu zane ne suka raine ta.

Asalinta maƙeran sulke ne a Turai. Sukan shafe ƙarfe da kaki, su kankare wurin da suke son ado, sai su zuba asid ya ci inda aka buɗe. Wajen shekarar 1500, Daniel Hopfer, wani mai yi wa sulke ado a garin Augsburg na Jamus, ya gwada haka a kan faranti na baƙin ƙarfe. Ya cika ramukan da tawada, ya goge saman, ya matse takarda a kai, sai ga hoto ya fito. Faranti ɗaya, kwafi da yawa. Matsalar dai baƙin ƙarfe yana tsatsa, shi ya sa daga baya aka koma jan ƙarfe.

Akwai kuma hanyar da ba ruwanta da asid, wato busasshen zane, wadda ta ɓulla a Jamus tun ƙarni na 15. A nan allura mai kaifi za ka sa ka karce farantin kai tsaye. Allurar tana tayar da ƙarfe a gefen layin, kamar yadda garma ke tayar da ƙasa a gona. Wannan ɗan tudun shi ke riƙe tawada, layin ya fito baƙi wuluk mai laushi. Amma fa kyansa ba ya daɗewa: duk matsa ɗaya tana danne tudun, kafin ka buga 'yan gomomi ya kwanta. To ka ga zaɓin da ke gaban mai zane: ko kyau na kwafi kaɗan, ko asid mai ba da ɗaruruwa da zai sayar ya ci abinci.

Jacques Callot, ɗan garin Nancy, ya maye kakin da wani shafi mai tauri irin na masu haɗa kayan kiɗa, don kada asid ya ɓarke inda ba a so. A 1633 ya fitar da hotuna 18 kan ta'asar sojoji a lokacin yaƙi. Shi kuwa Rembrandt na Amsterdam (1606–1669) ya yi faranti kusan 300, yakan haɗa hanyoyin biyu a kan faranti guda: asid ya fitar da siffa, allura ta zurfafa duhu.

Yanzu dawo kan fanel. A 1936 Paul Eisler, injiniya ɗan Ostiriya da ke zaune a Ingila, ya haɗa rediyo da allo mai layukan ƙarfe maimakon tarin wayoyi. Dabarar ɗaya ce, juya ta kawai aka yi: mai zane yana barin asid ya ci layin, injiniya kuwa layin yake rufewa, sinadari ya cinye sauran jan ƙarfen. Har sinadarin ma, ferik kulorayid, masu zane na yau da masu haɗa fanel a gida duk suna aiki da shi.

In za ka gwada, sa safar hannu da gilashin kare ido, kuma kar ka zubar da ruwan a kwata, don yana ɗauke da narkakken jan ƙarfe.