Taswirar da ke Bayan Akwatin Rediyo

Sana'ar gyaran rediyo a ƙasar Hausa bayan rediyon kansa ta biyo. A 1944 aka buɗe tashar rarraba shirye-shirye a Kano, wadda ake ja wa mutum waya har gida, a maƙala masa akwatin lasifika. Wannan akwati ba shi da wani abin gyara. Kasuwar masu gyara ta buɗe ne da akwatunan kama tasha suka yawaita, musamman bayan BBC ta fara Sashen Hausa a 1957, Rediyon Kaduna kuma ya zo a 1962.

Ni a Sabon Garin Kano na koyi aikin, a hannun wani dattijo da ya taso da rediyo mai kwalabe, irin su Philips da Grundig, waɗanda sai sun ɗumama suke magana. Cikinsu akwai wutar da ta haura bolt 200, don haka ba a yi musu gyaran lalube. Kamfanoni da yawa kan liƙa taswirar wayoyin a cikin murfin baya, ko su haɗa ta da littafin akwatin. Maigidana ba ya barin yaro ya taɓa dalma sai ya iya bin wannan takarda da yatsa, daga inda wuta ta shigo.

Da rikoda mai kaset ta mamaye gari a zamanin hukumar wutar lantarki ta NEPA, wadda aka kafa a 1972, hanyar da wuta ke bi a cikin akwati ta zama a haddace. Fis ne farko. Sai tiransifoma ta sauke wutar gida zuwa bolt 9 ko 12. Sai dayod huɗu su mayar da wuta mai kai da komo ta koma mai tafiya gefe guda. Babbar kafasita ta daidaita ta. In rikoda tana gurnani, kafasita ta bushe. In fis yana ƙonewa da an sauya, a binciki dayod. Taswira ta rubuta adadin wutar kowace gaɓa. Aikinka ka ɗora mita ka ga inda lissafi ya saɓa.

Daga baya tsarin ya juye a talabijin da kwamfuta da cajar waya. Yanzu wutar bolt 230 ake fara miƙewa, ta zama kusan 325, sannan a riƙa datse ta sau dubbai a daƙiƙa guda. Shi ya sa tiransifoma ta ƙanƙance, caja ta shiga aljihu. Amma babbar kafasitar da ke cikin irin waɗannan kaya tana iya riƙe wuta ko bayan an cire soket, kuma taswira ce ke nuna iyakar ɓangare mai haɗari da marar haɗari.

Tun zuwan wayar salula a 2001, kasuwannin waya irin su Farm Centre suka cika da samari masu hannu. Sai dai da yawansu sauya fanel suka iya: a cire duka, a sa sabo, mai kaya ya biya kuɗin abin da dayod ɗaya zai warware.

Ya ku 'yan baya, ku nemi taswirar kowane kaya ku koyi karanta ta. Wanda ya iya ta shi ne mai gyara; saura masu sauyi ne.